Asabar Ɗin Kawu a Ohio

Samaru, Zariya
9 ga Yuli, 1977

Zuwa ga Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Dokta Almu da 'yar ƙaramar Fatimah. Mu nan lafiya muke, damina ta zauna, gonakin gwaji sun yi kore shar. Innarki Saudatu tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi. Makon jiya na shiga Kano na ga Yaya Hadizatu, mahaifiyarki, tana nan da ƙarfinta da faɗanta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, tunda rabona da ke tun ranar bikinki, kuma zumuncin namu ta wajen kakanni ne. To, larura ce ta kawo ni. Hawan jinin ido ya cinye mini idon hagu, na daman kuma yana tsukewa. Abin da ke gabana ina ganinsa tar, amma gefe da gefe duhu ne, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likitanmu ya ce aikin sai Landan, ma'aikata kuma ta yarda ta ɗauki nauyi, tunda yanzu hannun gwamnati a sake yake. Takardun asibiti suna tafe daban. Roƙona shi ne Almu ya nema mini ganin likitan ido, ku kuma ba ni ɗan wurin da zan shimfiɗa tabarma.

Sai magana ta biyu, wadda nake so ta tsaya tsakanina da ke. Kafin a sa mini wuƙa a ido, ina so in wuce Amurka, jihar Ohio, in ga ƙungiyata da na baro can tun 1965. Kada Innarki ta ji tukuna, za ta ce tsohon ciwona ne ya tashi. Sauran bayani sai na zo. Idon ya gaji, layukan ma sun fara hawa kan juna.

Kawunki,
Maharazu Mailafiya


Catford, Landan
24 ga Yuli, 1977

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi, kai da Inna da yara. Mu duk lafiya, sai Fatimah da ta yi ɗan mura. Ana yi mata Hausa tana ba da amsa da Turanci, in ka zo sai ka taya ni yaƙi da ita.

Maganar zumunci na nesa kada ka sake yin ta. Ban manta kai ka kai ni makarantar kwana a bayan babur ba, akwatina a kan tanki. Flat ɗinmu ƙarami ne amma ɗakin Fatimah naka ne. Almu ya yi booking da likitan ido, za a aiko mana da rana.

Kawu, yanzu sai maganar da ta hana ni sukuni. Gam ɗin da ka liƙe takardar da shi ya kama gefen rubutunka, da na buɗe sai ƙarshen wasu layuka ya yage. Amma abin da ya rage ya isa. Na karanta: "in ga yata da na baro can tun 1965." Na maimaita har na haddace.

Ba ni da bakin yi maka faɗa, kuma ba shi zan yi ba. Abin da nake tunani ita ce yarinyar. Yanzu ta isa shiga sakandare. Yaya sunanta? Ta san tana da dangi? Akwai mai koya mata salla? Ran Juma'a da muka je sabon masallacin Regent's Park na shiga shagon littattafai na saya mata ɗan littafin koyon salla na Turanci da ɗankwali. Ko wacece uwarta, ita jininmu ce.

Ban faɗa wa Inna ba kamar yadda ka ce. Sai dai abin ya fi ƙarfin cikina ni kaɗai, na rubuta wa Hajiyata, na roƙe ta ta riƙe.

'Yarka,
Murja


Samaru
14 ga Agusta, 1977

Murja,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan murar Fatimah ta wuce. Azumi na bakin ƙofa, Allah ya sa mu gan shi lafiya. Idon yana nan yadda yake.

Ke da kika san Yaya Hadizatu, ita kika ba ajiyar magana? Kafin takardarki ta iso ni, ita ta riga ta iso, a motar haya, da ƙwaryar goro. Ta shige ɗakin Innarki suka rufe ƙofa. Da na dawo daga ofis na tarar da mata biyu sun yi jugum, ba wadda ta amsa sallamata. Yaya ta ce in ji tsoron Allah in ɗauko yarinyar mutane. Na ce wace yarinya? Ta ce ta Ohiyo. Sai da takardarki ta zo na gane inda gam ya yi mini aika-aika. Ƙungiyata na rubuta, Murja. Ƙungiyar ƙwallo. Ba ni da 'ya a Amurka, ko kaza ban bari can ba. Yaya ta yi dariya har da tari. Innarki kuwa ba ta yi ba. Ta ce ita tun farko ba ta yarda da maganar 'ya ba, abin da ya ɓata mata rai shi ne zan yi tafiya in ɓoye mata.

Bari in yi miki bayanin da na hana ki. Lokacin da gwamnatin Arewa ta tura ni karatun ciyawar kiwo, na sauka a garin da ban san kowa ba. Wata na farko ban yi magana da mutum ba sai a aji. Na haɗa akwatina zan gudo. Abokin ɗakina, Kambai, mutumin Kagoro, shi ya ja ni muka nemi aikin kula da ciyawar filin wasan jami'a. Mu ke ba ta ruwa, mu yanke, mu ja farin layi. Ran Asabar sai a bar mu mu tsaya a gefe mu kalla.

Ba irin ƙwallonmu ba ne. Shi dogo ne kamar gwanda, da hannu ake riƙe shi. 'Yan wasan suna sanye da hular kwano, kafaɗu kamar shanun huɗa. Ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma na fili, in kun ci a sake ba ku. Ranar farko na ce wannan dambe ne kawai. Daga baya na ga wasan manoma ne, ƙasa ake ci taki bayan taki, da haƙuri da dabara. Wata Asabar muka ci wasa a minti na ƙarshe, wani tsohon Bature da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana kuka. A daren nan na kwance akwatina. Ba don filin nan ba da ban gama karatun ba.

Kambai ya zauna can yana koyarwa. Duk kaka yana yanko mini labarin wasanni daga jarida. Ran Asabar 15 ga Oktoba tsofaffin ɗalibai ke komawa, ya riga ya kama mana wuri. Likita ya gaya mini gaskiya, aikin nan yana iya tsayar da ciwon, yana kuma iya tafiya da ɗan abin da ya rage. Shi ya sa nake so in gani tukuna.

Ɗankwalin ki ba Fatimah.

Kawunki


Catford
29 ga Agusta, 1977

Kawu,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, azumin nan dogo ne, rana ba ta son faɗuwa a ƙasar nan. A gaishe da Inna, a ce mata na durƙusa. Kunya ta hana ni rubutu kwana da kwanaki. Almu kuwa ya samu abin tsokana, kullum sai ya tambaye ni lafiyar ƙanwata ta Ohio.

Amma ka yi haƙuri, wata rigimar zan sake tayarwa. Asibiti sun ba da rana, 6 ga Oktoba. Likitan ya duba takardunka ya ce bai son a ja lokaci, abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa. Ka ce a ɗaga aikin saboda wasa? Na karanta labarin Kambai da tsohon Baturen har na yi hawaye, amma Kawu, ido ɗaya ya rage maka. In wani abu ya same shi a hanya, me zan ce wa Inna? Me zan ce wa kaina?

Na yi ta tambaya ko ana irin wasan a nan. A ofishinmu da ke kusa da Charing Cross ba wanda ya san shi sai Dalyop, mutumin Jos. Ya ce sojojin saman Amurka da ke zaune a wajen gari suna bugawa tsakaninsu, kuma ya san wanda zai shigar da mu. In ka warke sai mu kai ka ka more.

Ban yi cancel ɗin ranar ba, kuma ba zan yi ba sai ka zo ka ji daga bakin likita.

'Yarka,
Murja


Catford
2 ga Oktoba, 1977

Inna Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan ƙafa ta ƙara sauƙi, yara kuma suna lafiya. Kawu ya iso lafiya, yana cin abinci, yana ɗiga maganinsa a kan lokaci. Yajin da kika aiko ya zo, mun gode.

Na rubuto miki ne don kada a sake ɓoye miki komai. Idon ya fi yadda ya faɗa a takarda lalacewa. Ranar farko a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kusa faɗuwa a matakala, bai ga wata mata da ke gefensa ba sai da suka yi karo. Na ƙara tabbata ba inda za shi. Kwana biyu muna ja, har ya daina yi mini magana sai ta bakin Fatimah.

Ran Laraba muka ga likita. Kawu ya tambaye shi kai tsaye, in an ɗaga aikin mako biyu me zai faru. Likitan ya ce da ƙarin ƙwayoyi haɗarin kaɗan ne, amma akwai shi. Ya ce ba zai yi masa alkawarin sakamakon aikin ba, ko an yi yau ko an yi jibi. Sharaɗinsa ɗaya, kada ya yi tafiyar shi kaɗai.

Shekaranjiya bayan sallar Juma'a muka zauna a lambun Regent's Park. Ya tsuguna yana shafa ciyawa, yana gaya mini sunanta da irin yankan da aka yi mata. Can ya ce, "Murja, kina ganin taurin kai ne. Ni kuwa shiri nake yi. Bara na je na ga Ka'aba. Kafin in taso na zauna na kalli fuskar Saudatu da ta yara har na ƙoshi, ba su san abin da nake yi ba. In duhu ne ke jirana, ina so in shiga da guzurina cikakke. Wannan kaɗai ya rage."

Na tambaye shi wa zai riƙe masa hannu a filin jirgin New York. Ya ce Allah. Na ce to, Allah ya aiko ni.

An mayar da aikin 20 ga wata. Na ɗauki hutu, gobe zan je neman biza, shi ya riga ya zo da tasa. Almu zai riƙe Fatimah. Na san kafin amsarki ta zo mun tashi. In na yi kuskure ki yafe mini, ki bi mu da addu'a.

'Yarki,
Murja


Ohio, Amurka
16 ga Oktoba, 1977

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga gidan Malam Kambai. Mun sauka lafiya, idon Kawu bai ba mu matsala ba, ni ce ma jirgi ya juya wa ciki. Kambai da matarsa Kaneng sun karɓe mu kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ta tuƙa mana tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, ta share mana ɗaki ta nuna mana gabas. Da Kawu da Kambai suka haɗu, tsayawa suka yi suna zagin furfurar juna.

Jiya aka yi wasan. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba in ba a filin idi ba. Itatuwan garin duk sun yi ja da rawaya, sanyi na shiga har ƙashi. Ga masu badujala sun fi ɗari suna tafiya suna juyi. Kafin a fara Kambai ya roƙi masu kula da fili suka bar Kawu ya taka ciyawar. Ya cire takalmi a cikin sanyin nan. Ya ce sun canza iri, kuma suna yanka ta ƙasa da yawa.

Kambai ya ba shi madubin hangen nesa, sai ga shi abin ya dace da idonsa, tunda dama tsakiya yake gani. Muka raba aiki. Shi yana bin mai ƙwallo, ni ina gaya masa abin da ke faruwa a gefe, ko da yake ban san me nake faɗa ba. Ina ce masa ga wani ƙato ya taho ta hagu, shi kuma yana fassara mini. Kafin a je hutun rabi na fara gane yadi goman nan.

Kusa da tashi ana gabanmu. Mai jifan namu ya ja da baya ya wurga ƙwallon sama, nesa ƙwarai. Filin duka ya miƙe. Ƙwallon ya fita daga ɗan da'irar da Kawu ke gani, na ji yana cewa, "Ina yake? Murja, ina yake?" Ban san lokacin da na kama kansa da hannu biyu na juya shi kusurwar fili ba. Daidai nan wani siririn yaro ya yi tsalle ya cafe ya faɗa bayan layin ƙarshe, ya ci mana maki. Kawu ya gani. Ya ajiye madubin ya zauna, kowa na tsaye na ihu, shi yana share fuska da hularsa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, muryata har yanzu a dishe take.

Duk da haka an cinye mu da ɗan kaɗan. Na ji haushi ƙwarai, shi ko a jikinsa. A mota ya ce da ni, "Yanzu likita ya zo da wuƙarsa."

Gobe za mu kama hanyar Landan.

'Yarki,
Murja


Catford
21 ga Oktoba, 1977

Inna,

Gaisuwa a gaggauce. An yi aikin jiya da safe, ya farfaɗo lafiya, ya sha shayi, ya tambayi alƙibla. Idon yana rufe da bandeji. Likita ya ce aikin ya tafi yadda yake so, amma ba za a san abin da ya rage ba sai kumburi ya sauka, watakila makonni. Kawu yana cikin duhu yanzu, amma ransa a kwance yake. Fatimah tana zama kusa da gadonsa, ya ce mata kunnensa ba ya jin Turanci tun da aka rufe idon, dole take lallaɓa Hausa.

A ci gaba da addu'a. Da na san wani abu zan buga waya ofishinsu a Samaru a gaya miki.

Murja


Samaru
27 ga Nuwamba, 1977

Murja 'yata,

Assalamu alaikum. Barka da salla, ina gaishe ki da Almu da Fatimah. Mu duk lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin manya na koya, ba na sauri.

Takardunki duk sun zo. Ta farkon ta same ni ranar da kuke cikin jirgi. Na yi fushi da ke yini guda, sannan na ga ba abin da ya rage mini sai addu'a, na yi ta yi. Yanzu ba fushi tsakaninmu. Abin da kika yi wa Kawunki, wanda ya haife ki ma iyakar abin da za ki yi masa ke nan. Allah ya ba ki masu yi miki.

Likitan nan ya duba shi ya ce ciwon ya tsaya. Abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage yana nan. Ya koma ofis, sai dai an hana shi tuƙi. Duk wanda ya zo barka da dawowa sai ya ji labarin yaron da ya cafe ƙwallo. Liman ma bai tsira ba. Ni na ji har na iya ba da shi da kaina. Na gaya masa in Allah ya kai mu baɗi ƙafata ƙafarsa, in je in ga abin da ke raba ni da mijina duk Asabar ɗin kaka. Ki tambayi Kaneng irin rigar sanyin da zan nema.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da aka ce mini kin bugo waya yana gani, ban yarda duka ba. Na ce ko kuna lallashina ne. Ranar da zai sauka a Kano na hana yara su kira shi. Na shiga cikin matan da ke jiran matafiya na tsaya na yi shiru. Ya fito da jakarsa, ya tsaya, yana juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Idonsa ya wuce ni. Sai ya sake juyo da kai, idonsa ya tsaya a kaina, ya taho kai tsaye ba ya lalube.

Ya ce, "Saudatu, wannan mayafin ban san shi ba. Kore ya yi miki kyau."

A nan cikin mutane na zauna a ƙasa na yi kukana.

Innarki,
Saudatu